Zangon Lome: Inda Fataken Sama Ke Sauya Jirgi

Duk mai harkar saye da sayarwa tsakanin Yamai da Duwala, ko tsakanin Njamena da Akra, wata rana sai ya zauna a kujerun filin jirgin saman Lome yana jiran a kira sunan garinsa. Togo ƙasa ce siririya kamar tsinken tsire, bakin tekunta gaba ɗaya bai kai kilomita 60 ba. Amma Allah Ya ba ta tashar jiragen ruwa mai zurfi, Ya kuma ba ta filin jirgin da ya zama mahaɗar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Ayarin kakanninmu da ke zuwa Salaga neman goro yakan yada zango a Sansanne Mango, can arewacin Togo, kuma kalmar sansani da ke cikin sunan garin tamu ce. A wancan zamani madugu ya san jakinsa: ya san nauyin da zai ɗauka, ya san inda zai gaji. Mu jikokinsu muna hawa jirgi sau biyar, sau shida a shekara, amma da yawanmu ba mu san ko wane iri muke ciki ba. Ga shi kuwa ana cikin sauya jiragen nan a gaban idonmu, kuma sauyin ya shafi kuɗin tikitinmu da dilolinmu da kwanciyar hankalin iyalan da muka bari a gida.

Garin da filin yake ciki

Filin jirgin Lome yana cikin gari ne tsundum, a unguwar Tokwen, kuma sunan tsohon shugaban ƙasa Gnassingbé Eyadéma aka sa masa. Jirgi in zai sauka kana hango rufin kwanon gidaje da 'yan babur, waɗanda a nan ake kira zemijan, suna ta kaiwa da komowa kamar tururuwa. Kusa da filin ga kasuwar Hedzranawe, uwar gwanjo, inda ake kwance dilolin tufafin Turai. In ka gangara kudu ka iske babbar kasuwa, Asigame, inda matan nan da ake kira Nana Benz suka yi suna da arzikin atamfa tun muna yara. Wuta ta cinye babban gininta a watan Janairun 2013, amma ciniki bai mutu ba, ya dai bazu cikin lunguna. In ka bi bakin teku ka yi yamma, cikin 'yan mintoci kana iyakar Aflawo, ƙafa ɗaya a Togo ɗaya a Gana.

Zongon mutanenmu kuwa a da yana tsakiyar gari. A 1977 hukuma ta tashe shi, aka mai da shi can arewa, bakin hanyar da ta nufi Kara da Burkina, wurin da yanzu ake kira Agwe Zongo. Dattawan da suka ga wannan tashi har yau in suna ba da labarin sai ka ji muryarsu ta sauka. To amma hanyar da aka jefa su bakinta ita ce ta zama jijiyar kasuwancin Sahel. Tun da iyakar Nijar da Benin ta rufe a 2023, kayan Nijar da yawa ta tashar Lome suke fita, manyan motoci su bi ta Sinkase su ratsa Burkina, wani wurin sai da rakiyar soja. Mota takan yi makonni a hanya. Shi ya sa mai kaya da dama yakan sallami direbansa da addu'a, shi kuma ya nufi filin jirgi, domin tashi kai tsaye daga Lome zuwa Yamai bai kai awa biyu ba.

Tsakar rana a filin

Sabon ginin fasinjoji, wanda aka buɗe a watan Afrilun 2016 da bashin wani bankin ƙasar Sin, ba wani ƙato ba ne. Da safe shiru yake kamar makaranta ranar hutu. Amma da hantsi ya dubi ludayi sai jirage su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, daga Abijan, daga Bamako, daga Legas, daga Liburbil, daga Wagadugu. Kafin azahar zauren jira ya cika maƙil. Ka ji Faransanci, ka ji Yarbanci, ka ji Zabarmanci, ka ji Hausar Kumasi da ta Maraɗi da ta Garwa duk a layi ɗaya. Kowa ya sauko daga wani jirgi yana neman wani. Bayan awa biyu ko uku sai a kwashe kowa, wurin ya koma shiru sai masu shara.

Wannan tsari na tara mutane a wuri ɗaya a sake raba su shi ne sana'ar kamfanin ASKY. Mu da muka haura hamsin mun san abin da ya haife shi. Mun ga zamanin Air Afrique mai tambarin kan barewa, wanda ƙasashe 11 suka haɗu suka kafa a 1961, har da Nijar da Chadi da Kamaru. Ya durƙushe a 2002. Nigeria Airways ya bi shi a 2003, Ghana Airways ya tsaya a 2004, Cameroon Airlines a 2008. A shekarun nan akwai lokacin da mai son zuwa wata ƙasa maƙwabciya sai ya bi ta Paris, wallahi kamar wanda zai je gidan maƙwabci ya fara zuwa kasuwar wani gari.

Wani attajirin Togo, Gervais Koffi Djondo, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Ecobank, shi ya tsaya kai da fata har aka kafa ASKY, kamfanin jiragen Habasha, Ethiopian Airlines, ya shigo da hannun jari da ƙwarewa. Jirginsu na farko ya tashi ranar 15 ga Janairu 2010. Sun fara da Boeing 737-700, suka haɗa da ƙananan jirage masu farfela da ake kira Q400, daga baya 737-800 suka shigo. A watan Satumban 2023 kuma sai ga sababbin 737 MAX 8 guda biyu sun iso Lome.

Siririn jirgi, jakin sama

Jiragen fasinja manya iri biyu ne. Akwai mai faffaɗan ciki, mai hanyar wucewa biyu, irin wanda yake kai mu Gwanzu daga Adis Ababa. Akwai kuma siriri, mai hanya guda a tsakiya, kujera uku dama uku hagu, mai ɗaukar mutum 150 zuwa 200 da 'yan kai. Wannan siririn shi ne jakin sama. Shi yake zirga-zirgar awa ɗaya zuwa biyar, kuma shi ya fi kowane iri yawa a duniya.

Gida biyu ne suka riƙe kasuwarsa. Boeing na Amurka yana da 737, wanda ya fara tashi tun 1967, wato ya girmi da yawa daga cikinmu. Airbus na Turai yana da A320, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 1988. Ƙaramin ya yi ta bin babban a guje har a 2025 ya wuce shi a yawan jiragen da aka miƙa wa masu saye, kowannensu ya haura 12,000.

Abin da ake kira sabon jirgi yau, gangar jikin kusan ta da ce, injin ne sabo. Airbus ya sa wa nasa sabon inji ya kira shi A320neo, ya fara aiki a 2016. Boeing ya yi haka ya kira nasa MAX, ya fara aiki a 2017. Ribar tana wurin mai. In tsohon 737 ya sha lita 100 a wata tafiya, sabon zai sha kamar 86. Wani zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. To a tambayi mai tirela da ke Lome zuwa Yamai me lita 14 cikin kowace ɗari take nufi a ƙarshen shekara. Kuɗin mai yakan cinye kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na abin da kamfanin jirgi yake kashewa, kuma man jirgi a Afirka ya fi na sauran duniya tsada. Ga kuma gyara. Tsohon jirgi kamar tsohuwar mota yake, kullum yana gareji, kayan gyaransa kuma da dala ake saye. Jirgin da ya kwana a gareji, fasinjansa a benci yake kwana.

Sunan da ke sa gaba faɗuwa

Wata rana a zauren jiran nan na zauna kusa da wata Hajiya mai sayar da atamfa, 'yar asalin Maraɗi, mazauniyar Duwala. Tana ta juya waya a hannu, can sai ta dube ni ta ce, "Alhaji, don Allah ka iya karatun jikin jirgi? Ɗana ne ya bugo daga makaranta, wai in na ga an rubuta MAX kada in shiga."

Na ce, "Hajiya, in ba ki shiga ba ta ina za ki bi?"

Ta ce, "Shi ne fa. Ga kaya an riga an auna, ga jikata ana suna jibi."

Tsoron yaron yana da tushe, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ranar 29 ga Oktoba 2018 wani 737 MAX na Lion Air ya faɗa teku a Indunusiya da mutum 189. Ranar 10 ga Maris 2019 wani na Ethiopian ya faɗi kusa da Bishoftu minti shida bayan ya tashi daga Adis Ababa zuwa Nairobi, da mutum 157 daga ƙasashe 35. Rai 346 cikin wata biyar. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri.

Abin da bincike ya gano shi ne wannan. Shi 737 gajeren ƙafa gare shi, domin an ƙera shi a zamanin da filaye da yawa ba su da na'urar loda kaya, ana so ma'aikaci ya miƙa hannu ya jefa akwati. Sabon injin kuwa ya fi tsohon faɗin baki, santimita 176 maimakon 155. Da ba wuri a ƙarƙashin fiffike sai aka matsar da shi gaba aka ɗaga shi sama. Hakan ya sa a wani yanayi hancin jirgin yakan so ɗagawa fiye da kima. Sai aka sa wata manhajar kwamfuta mai suna MCAS da za ta riƙa danna hancin ƙasa. Manhajar da ma'auni ɗaya tak take aiki, kuma ba a yi wa matuƙa bayaninta ba. A haɗurran biyu ma'aunin ya ba da labarin ƙarya, kwamfuta ta yi ta danna hanci ƙasa, matuƙa suna ja tana dannawa.

An dakatar da jirgin a duniya baki ɗaya. Amurka ba ta sake shi ba sai Nuwamban 2020, bayan wata 20. Yanzu manhajar tana gwada ma'auni biyu, in suka saɓa sai ta janye hannunta, ba ta danna hanci fiye da sau ɗaya a kan matsala guda, kuma an wajabta wa matuƙa horo na musamman. Mutanen Habasha, da abin ya faru a gidansu, sun jira har Fabrairun 2022 kafin su mai da shi aiki, kuma a Nuwamban 2023 suka sake yin odar wasu 20. Duk da haka Boeing bai gama wanke kansa ba, domin a Janairun 2024 wani murfin ƙofa ya fice daga jikin MAX 9 na Alaska Airlines yana sama. Ba a rasa rai ba, amma hukumar Amurka ta ƙayyade masa yawan jiragen da zai ƙera a wata har sai ya gyara aikinsa.

Abin da na iya gaya wa Hajiya ke nan, a taƙaice. Ta yi shiru, ta ce, "To, an dai gyara inda aka gani." Da aka kira Duwala ta gyara mayafi ta yi bisimilla ta shiga layi.

Mai son gane MAX da idonsa ya dubi bayan injin: bakin murfinsa yana da tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto. A takardar bayanin tsaro da ke aljihun kujera kuma wani kamfanin yakan rubuta 737-8 kawai.

Cikin jirgi, inda arzikinmu yake kwana

Fasinjan yawon buɗe ido kujera yake dubawa. Ɗan kasuwa kuwa hankalinsa yana ƙarƙashin ƙafarsa, a rumbun kaya. A nan sauyin jirage ya yi mana rana. Rumbun 737-700 kubik mita 27 ne, na 737-800 da MAX 8 kuwa kusan 44. Mai farfela kuwa ba a maganarsa, akwatuna kaɗan sun cika shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin bel yana kallon jakunkunan mutane suna zagayawa babu tasa ya san darajar wannan bambanci.

Sai dai siririn jirgi siriri ne ko da sabo ne. Babban jirgi yana haɗiye kwantena da fale-falen kaya a ɗaure. Shi 737 da hannu ake loda shi, ɗaya bayan ɗaya, ta wata ƙofa da tsayinta bai kai mita ɗaya ba. Saboda haka kayan da ka auna a Gwanzu ko Dubai suka shiga babban jirgi lafiya, in an zo wurin sauyi dole a warware su a cusa a ƙaramin ciki, tare da na sauran 'yan kasuwa da kowannensu ya zo da Gana-mas-go uku. Abin da bai samu wuri ba sai jirgin gobe.

Ga kuma zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin dogara sosai, inji ma ƙarfinsa yana raguwa. Jirgin da zai tashi da cikakken lodi da asuba, da rana tsaka a watan Afrilu a Yamai ko Njamena wataƙila sai an rage masa nauyi. Ba a sauke mai, ba a son sauke mutum, to me ya rage? Wata shekara ana saura kwana uku Sallah wani kamfani, ba sai na kama suna ba, ya bar mini diloli biyu na shadda a ƙasa saboda wannan dalili. Suka iso ranar yawon Sallah na biyu. Shaddar da aka yi oda don ɗinkin Idi, wa zai saye ta bayan an sauko? Sai da ta kwana a shago har Babbar Sallah, kuɗin mutane kuma yana kaina.

Zanen aro da dogon layi

MAX biyun farko da suka zo Lome hayarsu aka yi daga AerCap, wani kamfani da ke Dabilin ta ƙasar Ayalan wanda sana'arsa ke nan, ya sayi jirage ya ba da haya. Wannan ba abin kunya ba ne, kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne. Amma an ce zanen aro ba ya rufe katara. Haya da dala ake biyanta duk wata, tikiti kuwa da sefa da naira da sidi ake sayar da shi. In kuɗin ƙasa ya faɗi, hayar ta ƙaru ke nan ko da mai jirgi bai ƙara ko sisi ba. Masu ba da hayar kuma sukan tsauwala wa kamfanonin Afirka, don suna tsoron in an kasa biya ƙwato jirginsu zai yi wuya.

Wanda ma yake da kuɗi a hannu sai ya bi layi. A ƙarshen 2024 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce jiragen da aka yi oda ba a kawo ba sun kai 17,000. Manyan kamfanonin Indiya da Amurka da Turai suna yin odar ɗaruruwa a zama ɗaya. Mai neman biyar ko goma, in ya je yau, sai a ce ya dawo bayan 2030. Mun san wannan a kasuwa: mai sayen kwantena goma shi ake fara sallama, mai sayen dila biyu ya jira a bakin ƙofa.

Wannan jinkiri ya taɓa har kasuwar gwanjo. A da in manyan kamfanoni suka karɓi sababbi sai su saki tsofaffi, kamfanonin ƙasashenmu su samu da sauƙi, kamar yadda muke samun motocin Kwatano. Yanzu da sabon bai zo ba kowa ya riƙe tsohonsa, sai gwanjon ma ya yi tsada.

Sabo kuma ba ya nufin babu ciwon kai. A 2023 aka gano aibi a ƙarfen wasu injinan Pratt & Whitney da ke jikin A320neo da yawa, ɗaruruwan jirage suka zauna a ƙasa suna jiran a buɗe injinsu. Ƙaramin jirgin nan A220, mai inji daga gida ɗaya, ya wahalar da kamfanonin Senegal da Tanzaniya, na Masar kuwa ya sayar da nasa guda 12 gaba ɗaya. Kamfani mai jirgi 300 in goma suka kwanta ba a ganewa. Mai jirgi takwas in biyu suka kwanta, garuruwa ne za su rasa jirgi.

Duk da haka maƙwabta suna motsi. Air Côte d'Ivoire ya karɓi A320neo a 2021. A 2021 ɗin kuma Air Peace na Najeriya ya zama na farko a Afirka da ya karɓi E195-E2 na kamfanin Embraer na Burazil, jirgi mai kujera biyu dama biyu hagu, wanda ya dace da garuruwan da fasinjansu bai isa cika 737 ba.

Abin da ke tafe

Abu na kusa shi ne siririn jirgi mai dogon zango. A Nuwamban 2024 kamfanin Iberia ya fara ketare teku daga Madrid zuwa Boston da A321XLR, wanda zai iya cin kilomita 8,700 bai sauka ba. Daga Lome zuwa Jidda ko Paris bai kai 5,000 ba. Ma'ana, hanyar da ba ta da fasinjan cika babban jirgi za ta iya samun jirgi kai tsaye, ba sai an kwana a filin wata ƙasa ba. Ga mai zuwa Umara da tsohuwarsa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma ɗan kasuwa ya lura da abu biyu. Ƙarin tankin man da ya ba shi wannan zango a cikin rumbun kaya aka gina shi, wato nisa ya ƙaru, wurin dila ya ragu. Gwanzu kuma tana da nisan kusan kilomita 12,000 daga Lome, don haka hanyar Sin tana nan a hannun manyan jirage.

Ita ma Sin ɗin ta shigo kasuwar da nata siririn, C919, wanda ya fara ɗaukar fasinja a cikin gida a watan Mayun 2023. Injinsa dai na haɗin gwiwar Amurka da Faransa ne, kuma samun takardar amincewar hukumomin Turai da Amurka aiki ne na shekaru. Mu da muka ga yadda babur da wayar Sin suka fara da raini suka ƙare da mamaye kasuwa ba za mu yi saurin yi masa dariya ba.

Jirgin da zai gaji su 737 da A320 kuwa da sauransa. Airbus yana maganar bayan 2035. Masu ƙera inji suna gwada wani iri mai manyan fukafukai a waje babu murfi, da burin rage shan mai da kashi 20 cikin ɗari. Shirin jirgi mai amfani da iskar haidurojin, wanda Airbus ya sa wa 2035, shi da kansa ya ɗage shi a 2025. Wato jiragen da muke gani suna sauka a Lome yau, su ne 'ya'yanmu za su hau in sun karɓi shago.

To tikiti fa, zai sauka?

Tambayar da kowa yake yi ke nan a Zongo in an zauna shan shayi. Gaskiya sabon inji shi kaɗai ba zai sauko da shi ba. Ka buɗe takardar tikitinka ka duba layukan da ke ƙasan kuɗin jirgi: harajin fili, harajin tsaro, harajin fita, harajin wannan da wancan. A tafiyar awa ɗaya tsakanin ƙasashenmu, wani lokaci waɗannan sun kusa kamo kuɗin kujerar kanta. Tun 1999 aka amince a Yamusukuro cewa a buɗe sararin saman Afirka ga jiragen Afirka, a Janairun 2018 Tarayyar Afirka ta sake ƙaddamar da shirin ta ɗora wa Faure Gnassingbé na Togo jagorancinsa, amma ƙasashe da yawa har yau suna kare ɗan kamfaninsu. A Disamban 2024 shugabannin ECOWAS, wadda masu Faransanci ke kira CEDEAO, suka yanke cewa daga 1 ga Janairu 2026 a soke wasu haraji a rage wasu kuɗaɗen da kashi 25 cikin ɗari. Nijar da Mali da Burkina kuwa sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ɗan kasuwa dai a jikin rasit yake gaskata magana.

Guzuri ga mai bi ta Lome

In za ka sauya jirgi da kaya masu yawa, ka raba su ƙananan ɗauri maimakon ƙaton dila guda, domin ƙaramin ɗauri ya fi samun gurbi a siririn ciki. Ka rubuta suna da lambar waya a ciki da waje, ka ɗauki hoton kowace jaka da ɗan tikitin da aka manna mata. Kayan Sallah ko na biki kada ka bar su sai jirgin ƙarshe, musamman a watannin zafi. Masu harkar waya su sani batirin ajiyar caji ba ya shiga rumbun kaya, a hannu ake riƙe shi, shi ma da iyaka, kuma dokar saboda gobara aka yi ta. Maganin hawan jini ko na suga, da takardun duwan, su zauna a jakar hannu.

Sannan kafin ka tashi ka tura wa uwargida ko babban ɗanka lambar jirgin da lokacin sauka, ka gaya musu a Lome akwai jira, kada su ji waya a kashe hankalinsu ya tashi. In yaro ya tambaye ka wane irin jirgi za ka hau, ka duba ka gaya masa, ka kuma gaya masa abin da aka gyara a jikinsa.

Allah Ya kai kowa gidansa lafiya, Ya sa albarka a abin da aka auna.